ƘUSAR DA KE RIƘE ƘASHIN BAYA: YADDA AKE GWADA ƘARFINTA KAFIN TA SHIGA JIKIN MUTUM

A cikin ayyukan fiɗa da likitoci suke yi a wannan zamani, kaɗan ne suka kai ɗaurin ƙashin baya bukatar natsuwa. Wanda ya karye a baya cikin haɗarin mota, ko ya faɗo daga itace, ko tarin fuka ya cinye masa ƙashi, sau da yawa maganinsa shi ne a kafa masa ƙusoshi masu barima a cikin gaɓoɓin bayansa, a haɗa su da sanduna biyu na ƙarfe, domin su riƙe wurin har ƙashi ya haɗe. Ƙusar nan ba ta da wani girma: wadda aka saba sawa a ƙugu kaurinta milimetir 6 da rabi ne, tsawonta kuma milimetir 45. Amma a kanta tafiyar mutum take rataye. In ta riƙe, mai jinya ya tashi ya koma sana'arsa. In ta yi sako-sako ko ta karye, ciwo ya dawo, ƙashin ya goce, sai an sake buɗe shi, wani lokaci ma laka ta taɓu ƙafafu su mutu.

Saboda haka ne aka kafa ɗakunan gwaji musamman a ƙasashen Turai da Amurka da Asiya, inda injiniyoyi da likitoci suke zama tare, ba su da aiki sai ja da murɗawa da girgiza waɗannan ƙusoshi har su ga iyakar ƙarfinsu.

Wurin da ƙusar take bi

Ƙashin bayan ɗan Adam jeri ne na gaɓoɓi 33: guda 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran kuma a ƙasa sun manne da juna. Kowace gaɓa tana da dunƙulen ƙashi a gaba, wanda shi ke ɗaukar nauyin jiki, da wani zobe a baya wanda laka take ratsawa ta cikinsa. Abin da ya haɗa dunƙulen da zoben shi ne wasu ƴan kadarko biyu na ƙashi, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda likitoci suke kira fedikil. Ta cikin wannan kadarko ƙusa take shiga daga baya, ta wuce har cikin dunƙulen.

Hanyar kuwa matsattsa ce ƙwarai. Awon da aka yi wa gawarwaki ya nuna faɗin kadarkon a tsakiyar ƙirji bai cika wuce milimetir 5 ba, a gaɓar farko ta ƙugu yana kusan milimetir 8, sai a gaɓa ta biyar yake buɗewa ya kai milimetir 15 ko fiye. Ta gefen ciki laka ce, ta ƙasa jijiyar da ke tafiya zuwa ƙafa ce, can gaba kuma manyan hanyoyin jini ne. Ƙashin kansa iri biyu ne: akwai ɓawo mai tauri a waje, akwai kuma na ciki mai ƙananan ramuka kamar soso. Wani bincike da aka yi a Japan a 1997 ya nuna cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da ke hana ƙusa zarewa daga wannan ɗan kadarko yake fitowa, sauran ne na dunƙulen, ko da yake dunƙulen ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Yadda aka faro

Tun a 1891 wani likita a Amurka mai suna Berthold Hadra ya ɗaure karayar wuya da wayar azurfa. A 1911 kuma likitoci biyu a birnin Niyu Yok, Russell Hibbs da Fred Albee, kowa da hanyarsa, suka fara haɗe gaɓoɓin masu tarin fuka na ƙashi da ƙashin jikinsu, amma dole mai jinya ya kwanta watanni cikin filasta kafin ɗorin ya kama. Paul Harrington na birnin Hustan ya fito da sanda mai ƙugiya domin miƙe bayan yaran da shan-inna ta tanƙwara, ya kuwa bayyana sakamakonsa a 1962. Sai dai ƙugiya bayan ƙashi kaɗai take kamawa, takan kuma suɓuce.

Wanda ya maida ƙusar kadarko hanya sananniya shi ne Raymond Roy-Camille, likita ɗan asalin tsibirin Martinik, wanda ya fara aikin a 1963 a asibitin Garches kusa da Faris, ya kuma wallafa shi a 1970. Shi da farantin ƙarfe mai ramuka yake haɗa ƙusoshinsa. Bayansa, a 1983, wasu Faransawa biyu, Yves Cotrel da Jean Dubousset, suka fito da tsarin sanduna biyu wanda ake iya maƙala masa ƙugiya da ƙusa a wurare da yawa, tsarin da kayan yau suka gada.

Yaɗuwar aikin ba ta zo ba tare da rigima ba. A cikin shekarun 1990 dubban mutane a Amurka suka kai kamfanonin ƙera ƙusoshi ƙara, suna kukan karyewar ƙarfe da ciwon da bai tafi ba. Sai a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta tsaida matsayin waɗannan ƙusoshi, ta yarda da amfani da su a kan wasu cututtuka da ta ƙayyade. A cikin wannan zamani ne aka tsananta ƙa'idojin gwaji, domin kada kowane kamfani ya auna kayansa da mudun da ya ga dama.

Gwajin farko: zarewa

Gwajin da ya fi kowane sauƙi shi ne na zarewa. A murɗa ƙusa cikin ƙashi, a damƙe ƙashin, sa'an nan na'ura ta kama kan ƙusar ta yi ta ja a miƙe sannu a hankali, milimetir 5 a cikin minti ɗaya, kamar yadda ƙa'idar F543 ta ƙungiyar ASTM ta Amurka ta shimfiɗa. Na'urar tana rubuta ƙarfin da ake sawa har lokacin da ƙusar ta tumɓuke. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne niyuton, kuma niyuton 10 sun yi kusan nauyin kilo 1. A cikin ƙashin mutum mai lafiya ƙusa guda takan jure fiye da niyuton 1,000, wato nauyin buhun gero da ɗoriya. A cikin ƙashin tsoho wanda ya zaizaye kuwa, ƴan ɗaruruwa kaɗan sun isa su fizge ta.

To, a cikin me ake kafa ƙusar? Wanda ya fi kusa da gaskiya shi ne ƙashin gawar mutanen da suka bada jikinsu domin ilimi, amma yana da wuyar samu, kuma babu gaɓoɓi biyu da taurinsu ya zo ɗaya. Domin rage wannan bambanci, masu gwaji sukan sa ƙusa iri ɗaya a kadarkon dama, wata iri a na hagu na gaɓa guda, su kwatanta. Ana kuma aiki da ƙashin maraƙi da na tunkiya da na alade. Wanda aka fi yawaita shi a yanzu shi ne wani busasshen soson roba da ake ƙerawa takanas, mai ramuka irin na cikin ƙashi, wanda ƙa'idar F1839 ta fayyace siffarsa. Mai nauyin giram 0.32 a kowane santimetir kubik yana tsayawa a madadin ƙashi mai lafiya, mai giram 0.16 kuma a madadin wanda ya zaizaye. Amfaninsa shi ne kowane yanki daidai yake da ɗan'uwansa, saboda haka in an ga bambanci, daga ƙusar yake.

Abin da wannan gwaji ya koyar, duk wani kafinta zai gane shi. Sa'ad da ƙusa ta zare, ƙarfen yakan fito lafiya lau. Ƙashin da ke tsakanin haƙoran barimar ne yake yagewa ya biyo ta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1996 ya tsara lissafin: ƙarfin riƙo yana ƙaruwa da taurin ƙashin, da kaurin ƙusar daga bakin haƙori zuwa bakin haƙori, da tsawon da ya nutse, da kuma zurfin haƙoran in an gwada shi da tazarar da ke tsakaninsu. A cikin waɗannan duka taurin ƙashi ne babba. Ƙusar da ta kama a icen ƙirya, in aka kai ta icen da gara ta ci, kome kyanta ba za ta tsaya ba.

Rikicin haƙori da ganga

Da zarewa ce kaɗai matsalar, da sai a yi ta zurfafa haƙora a huta. Amma faɗin kadarko ya riga ya iyakance kaurin ƙusa, saboda haka duk abin da aka ƙara wa haƙori, daga gangar ƙusar aka rage shi. Ganga kuwa ita ce ke hana lanƙwasa da karyewa, ƙarfinta kuma yana hawa da sauri ƙwarai in aka ƙara kauri: gangar milimetir 6 ta fi ta milimetir 5 jure lanƙwasa da kimanin kashi 73 cikin 100, alhali milimetir 1 tak ya raba su. Ke nan mai ƙera ƙusa yana tsakanin abu biyu, haƙori mai zurfi da ganga siririya wadda za ta karye, ko ganga mai kauri da haƙori gajere wanda zai zare.

Daga wannan rikici ne siffofi iri-iri suka fito. Akwai ƙusa mai ganga kamar tsinin mashi, mai kauri a wuya inda aka fi samun karyewa, siririya a baki inda ake son haƙori ya yi zurfi cikin soson ƙashi. Tana kuma danne ƙashin gefe yayin da take shiga. Akwai mai haƙora iri biyu, matsattsu a wurin da zai zauna cikin kadarko, masu tazara a wurin da zai nutse cikin dunƙule. Akwai mai zare biyu, wadda take shiga da rabin murɗawar da ake yi wa mai zare ɗaya. Akwai wadda bakinta ke buɗewa bayan ta shiga kamar lema. Akwai kuma wadda ake shafa wa sinadarin da ya yi kama da ma'adinin ƙashi, domin sabon ƙashi ya tsiro ya manne da ita. Kan ƙusar ma iri biyu ne, kafaffe da mai juyawa. Mai juyawa yana sauƙaƙa wa likita ɗora sanda, amma gwaji ya nuna mahaɗin kan nan yakan zame tun kafin gangar ta gaza. Ƙarfen da aka fi amfani da shi a yau titaniyom ne gauraye da alminiyom da banadiyom, domin jiki yana karɓarsa, kuma bai cika ɓata hoton na'urar maganaɗisu ba kamar baƙin ƙarfe.

Hannun likita ma ana gwada shi

Ɗakunan gwaji ba su tsaya ga siffar ƙusa ba, sun auna har yadda ake sa ta. An ga cewa in likita ya fara yanka hanyar barima a cikin ƙashi da abin da kaurinsa ya yi daidai da na ƙusar, riƙon yana raguwa. In kuwa ya yi da wanda ya gaza ta da milimetir 1, ƙusar takan kama da kyau. An ga ƙusar da ta nutse kimanin kashi 80 cikin 100 na zurfin gaɓa ta fi wadda ta tsaya a rabi, amma ba a son ta huda gaba saboda hanyoyin jini. An ga ƙusoshi biyu da aka karkata bakinsu suka doshi juna, aka kuma haɗa sandunansu da ƙarfen gicciye, sun fi biyu da suka shiga a miƙe wuyar tumɓukewa, domin sai an ɓalle duk ƙashin da ke tsakaninsu. An kuma ga cewa ƙusar da aka sa, aka warware, aka sake sawa a rami ɗaya, ba ta komawa ga ƙarfinta na farko.

A 2009 wasu masu bincike a Amurka suka gwada wata sabuwar hanya a gaɓoɓin ƙugu na gawa. Maimakon ƙusa ta shiga daga gefe ta nufi tsakiya, sai ta fara daga kusa da tsakiya ta nufi waje da sama, tana bin ɓawo mai tauri. Ko da yake ƙusar ta fi gajarta da sirantaka, ƙarfin da ta jure kafin zarewa ya ɗara na tsohuwar hanya da kimanin kashi 30 cikin 100.

Ga tsofaffi masu zaizayar ƙashi akwai dabarar siminti. Ana ƙera ƙusa mai rami a tsakiya da ƙananan kafofi a baki, bayan an kafa ta sai a tura simintin ƙashi kaɗan ta cikinta, ya bazu cikin soson ya daskare. A gwaji wannan yakan ninka riƙon sau biyu ko fiye. Amma akwai haɗarinsa: simintin yana iya zurarewa ya shiga hanyar laka, ko ya bi jijiyar jini har huhu, kuma cire irin wannan ƙusa daga baya aiki ne babba.

Gwaji na biyu: girgiza da gajiyar ƙarfe

Duk da amfanin gwajin zarewa, likitoci sun daɗe da lura cewa a jikin mai rai ba safai ƙusa take fita a miƙe ba. Abin da ke faruwa shi ne kowane taku da mutum ya yi, kan ƙusar yana ɗan motsawa sama da ƙasa, bakinta kuma yana lilo a cikin soson ƙashi, yau da gobe har ramin ya buɗe, kamar turken da akuya ta yi ta ja har ya yi kwararo. A hoton radiyo akan ga wani baƙin zobe kewaye da ƙusar, alamar ta yi sako-sako. Wani nazari da ya tattara rahotannin asibitoci a 2015 ya nuna cewa a cikin masu ƙashi mai lafiya abin yana faruwa daga ƙasa da kashi 1 zuwa kashi 15 cikin 100, a cikin masu zaizayar ƙashi kuwa akwai rahoton da ya kai kashi 60.

Domin haka aka fito da gwajin girgiza, inda na'ura take danna kan ƙusa tana saki dubban lokuta, ana ƙara nauyin mataki-mataki, ana auna yadda take nutsewa. Sau da yawa ƙusar da ta yi fice a wajen zarewa takan zo daidai da sauran a wajen girgiza, abin da ya sa masana suke gargaɗi kada a yanke hukunci da gwaji ɗaya.

Ƙarfen kansa yana da nasa gwajin. Kowa ya san waya in aka yi ta lanƙwasa ta ana miƙewa, ƙarshenta karyewa, ko da ba a sa mata ƙarfi mai yawa ba. Ƙa'idar F1717, wadda ta fara fitowa a 1996, ta ce a kafa ƙusoshi huɗu a cikin tubala biyu na roba mai tauri, a haɗa su da sanduna biyu, a bar fili tsakaninsu kamar an cire gaɓa guda ɗungum, ta yadda duk nauyin zai bi ta ƙarfen. Sa'an nan na'ura ta yi ta dannawa har sau miliyon 5. In tana yi sau 5 a daƙiƙa, gwaji ɗaya yakan ci kimanin kwana 11 da rabi ba dare ba rana. An zaɓi wannan adadi ne domin ya yi kusa da motsin da bayan mutum yake yi a cikin shekara 2. Nauyi mafi girma da kayan suka jure har ƙarshe ba su karye ba, shi ake rubutawa, da shi kuma ake kwatanta sabon tsari da wanda aka riga aka amince da shi. Wurin da ƙusa ta fi karyewa shi ne wuyanta, daidai inda haƙoran farko suka soma.

Nauyin da baya yake ɗauka

Domin a san irin nauyin da ya kamata a ɗora a na'ura, sai da aka auna shi a jikin masu rai. A wani bincike da aka wallafa a 1999, Hans-Joachim Wilke na birnin Ulm na Jamus da abokan aikinsa sun sa ƙaramin ma'auni a cikin faifan da ke tsakanin gaɓa ta huɗu da ta biyar ta ƙugun wani mutum mai lafiya wanda ya ba da kansa. Suka tarar matsin da ke wurin in yana tsaye ya ninka na kwance sau 5. Da ya sunkuya da baya a tanƙware ya ɗaga kilo 20, matsin ya ninka na kwance sau 23. Da ya rungumi kayan kusa da jikinsa kuwa, sai ya ragu da kimanin rabi.

A Barlin kuma, cikin shekarun 1990, Antonius Rohlmann da ƴan ƙungiyarsa suka sa wa marasa lafiya 10 sanduna masu ma'auni a ciki, waɗanda suke aiko da labarin nauyin da ke kansu ba tare da waya ba. Sakamakon ya ba likitoci da yawa mamaki. Nauyin ya yi ƙasa sosai in mutum yana kwance, ya hau in yana tafiya, zama kuma bai fi tsayuwa wahalar da ƙarfen ba. Ɗamarar da ake ɗaura wa mai jinya a ƙugu bayan fiɗa ma, ba ta rage nauyin da ke kan ƙusoshin yadda ake zato ba.

Iyakar ɗakin gwaji

Masu wannan aiki su da kansu suna faɗin cewa soson roba ba ya warkewa, ƙashin gawa kuma ba ya tsiro. Ƙashin mai rai yana sake gina kansa kullum: wani ya manne da ƙusa ya ƙara mata ƙarfi, wani ya janye daga gare ta, balle in ƙwayoyin cuta sun shiga. Gwaji yana nuna ƙarfin ranar farko ne kawai. Shi ya sa a yanzu ake haɗa shi da lissafin na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ake ba ta hoton sikanar na gaɓar mutum ta kwaikwayi yadda nauyi zai ratsa ta, sa'an nan a bi marasa lafiya shekaru ana duba su kafin a tabbatar wace siffa ta fi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe, musamman wanda aka yi wa wannan aiki ko yake jinyar wanda aka yi wa, shi ne ƙusa da sanda tokara ce ta wucin gadi. Likita yakan zuba gutsattsarin ƙashi a wurin domin gaɓoɓin su haɗe su zama ɗaya, haɗewar kuwa takan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda. A tsawon wannan lokaci tsere ake yi tsakanin ɗorin ƙashi da gajiyar ƙarfe. In ƙashi ya riga haɗewa, nauyi ya sauka daga kan ƙusar, ta zauna lafiya har iyakar rai. In ya yi jinkiri, kome ingancin ƙarfen wata rana zai sassauta ko ya karye. Shan taba yana jinkirta haɗewar ƙashi, haka ciwon sukari da ba a kula da shi ba, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ɗaukar kaya masu nauyi da sunkuyon noma tun ba a ba da izini ba suna ƙara wa ƙarfen wahala. Komawa asibiti a ranar da aka sa domin ɗaukar hoton radiyo, ko da mutum ba ya jin ciwo, shi ne ke ba likita damar ganin baƙin zoben nan da wuri, tun gyaran bai zama sabon aikin fiɗa ba.